Ruwan Cukun da Burki Bai Sha Ba

Shekara ashirin da bakwai Burki ya yi yana tuƙa motar ma'aikatan wani kamfanin saƙa, kuma a duk tsawon shekarun nan ko gogar bango bai taɓa yi da ita ba. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa wannan suna, wai ko kaza ya hango daga nesa sai ya tsaya ya jira ta gama shawarar tsallakawa. Matarsa kuwa shi da kansa ya sa mata Tela, tun suna sabon aure tana ɗinki da keken aro. Yanzu tana da shagonta a bakin layi, da kekuna biyu da teburin yanka da dutsen guga, amma sunan ya bi ta, har 'ya'yanta ukun da suka girma suka bar gida da shi suke kiranta idan ba ta kusa.

Wata Talata da hantsi, tana tsakiyar yanka yadi, aka kira ta a waya daga kamfani. Aka ce maigidanta ya sauke ma'aikata lafiya, ya gyara wa mota tsayuwa, ya kashe ta, sannan ya kifa kai a kan sitiyari yana dafe da ƙirji, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. Har yau Tela ba ta san yadda aka yi ta isa asibiti ba. Abin da ta iya tunawa kawai, sai da wata nas ta taɓa ta ta ce, "Mama, ajiye almakashin nan," sannan ta lura da shi ta taho a hannu.

Kwana tara ya yi a kwance. Likitan zuciya ya ce wata jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce kitse ya matse, kuma an yi sa'a an kawo shi da wuri. Ya rubuta masa magunguna, ya ce a rage gishiri, a rage maiƙo, a riƙa tafiya a ƙasa. Burki ya saurara da ladabi, da suka fito ya dubi matarsa ya ce, "Wato dai duk abin da ke da daɗi shi ne laifi."

A ranar da suka koma ganin likita karo na biyu ne wata matashiya ta same su a kan bencin jira. Siririya ce mai tabarau, da jakar goyo da ta fi ta faɗi. Ta durƙusa ta gaishe su kamar 'yar gida. Ta ce ita ba likita ba ce, masaniyar abinci ce daga jami'a, tana wani bincike na wata shida a kan masu ciwon zuciya. Duk wanda ya shiga za a riƙa ba gidansa man girki a galan marar suna, don iri biyu ake gwadawa, kuma ba a son kowa ya san wanne ya samu. Wasu kuma za a haɗa musu da ruwan cuku.

"Ruwan me?" in ji Burki.

"Ruwan da yake tsiyayewa idan an yi cuku da madara, Baba. Yawanci zubar da shi ake yi. Mu muna tace shi, mu bar shi ya yi tsami da tsafta, mu zuba a kwalba. Muna so mu gani ko yana rage kitsen jini. Ba mu sani ba tukuna, shi ya sa muke binciken. Maganinka kuwa ba za ka daina ba ko na kwana ɗaya."

Ta ƙara da cewa duk wata za a ɗebi jininsa a auna, kuma likitan zuciya zai duba shi ba sai ya bi dogon layi ba. Nan ne kunnen Tela ya tashi. Kafin Burki ya gama tauna maganar ta riga ta karɓi biro da takardar amincewa ta miƙa masa. Takardar shafi huɗu ce, suka leƙa na farko, ya sa hannu a na ƙarshe. Duk da matashiyar ta ce ita ba likita ba ce, daga ranar Likita suke kiranta, har ta gaji ta bar musu.

Burki ya faɗa cikin waɗanda ake ba mai da ruwan cuku. Duk Litinin Tela ta je ta karɓo ƙananan kwalabe bakwai, ta mayar da na makon jiya a wanke. Aka ba ta wani littafi mai koren bango, kowace rana da shafinta: abin da ya ci, cokali nawa na mai aka zuba, da wani ɗan akwati a ƙasa da za a yi wa maki idan ya sha kwalbarsa ta safe.

Safiyar farko ta ciro kwalbar daga firiji ta tsaya a kansa. Ruwan fatsi-fatsi ne, da ɗan ƙanshin madara. Ya kurɓa, ya rufe ido, kafaɗunsa suka tashi har kunne.

"Tela, wannan ai ruwan batir ne."

"Ka taɓa shan ruwan batir?"

"Yau dai na sha."

Ya shanye. Mako biyu yana shanyewa, yana mita, tana maki.

Maganar mai kuwa Tela ta riƙe ta da hannu biyu. Ita da take tsiyaya mai daga galan da ido, sai ga ta tana awo da cokali kamar mai haɗa magani. Tana da wata tsohuwar roba da take tara man da ya yi saura a kasko, a soya da shi yau, a soya gobe, har ya yi baƙi. Likita ta ce a daina, ta ɗauke ta ta zubar, zuciyarta na sosuwa. Kifi ya koma gashi, ƙwai ya koma dafuwa, dankali ya manta hanyar kasko. Burki ya koma zuwa gareji a ƙasa, tafiyar rabin awa, shi da ko kantin bakin layi sai ya nemi mai rage masa hanya. A nan ba ta da abin cewa a kansa. Yakan yi ƙorafi, amma yana bi.

Ranar Laraba ta mako na uku ta dawo kicin ta tarar da kwalbar a bayan tukunya, ba a ko buɗe ta ba. Washegari ma haka. Da ya dawo da la'asar ta ajiye masa su biyun a gabansa.

Ya kalle su, sannan ya ce, "Zauna ki ji. Abin nan murɗa mini ciki yake yi. Shekaranjiya ina tsakiyar titi da mutum arba'in a bayana, cikina ya juya. Sai da na tsaya a gidan mai, na fita da gudu, ma'aikata na leƙowa ta taga. Ni da girmana. Da na dawo wata yarinya sa'ar autarmu ta ce, 'Baba, an dawo lafiya?' mota ta kwashe da dariya."

Tela ta so ta yi dariyar ita ma, amma ta ga fuskarsa ta haɗiye.

"To mu gaya wa Likita."

"Mu gaya mata ta cire mu? Kin manta layin asibitin nan? Ki je tun da sassafe, a ce ki dawo bayan wata uku?"

Ba ta manta ba. Tun da abin ya faru, duk lokacin da wayarta ta yi ƙara da hantsi sai gabanta ya faɗi. Abin da ke kwantar mata da hankali kawai shi ne ranar nan ta wata-wata da likitan zuciya zai ɗora abin sauraro a ƙirjin mijinta ya gyaɗa kai. A kan wannan gyaɗa kan take rayuwa har wani watan.

Ta ɗauki kwalaben ta koma kicin. Ta buɗe ɗaya za ta tuttular a magudana, hannunta ya ƙi. Ba a yi mata tarbiyyar zubar da abin ci ba. Ta ɗaga ta shanye a tsaye. Sannan ta jawo koren littafin, ta yi maki a akwatin Laraba, ta yi a na Alhamis.

Haka abin ya zauna. Kullum ta jefa kwalbar a jaka ta tafi da ita shago, idan rana ta fara zafi ta sha. Cikinta bai taɓa ce mata komai ba. Tun tana yamutsa fuska har ta fara jiran lokacin. Duk Litinin Likita ta karɓi kwalaben a wanke fes, ta buɗa littafin, ta yi murmushi ta ce, "Baba yana sha, ko?" Tela ta ce, "Alhamdulillahi," ta mayar da hankali ga gyaran mayafinta. A ranta tana cewa ai ba ta yi ƙarya ba, godiya ta yi wa Allah.

A wata na huɗu aka kira su ofis bayan an fito daga wurin likitan zuciya. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, firiji biyu na gurnani a kusurwa, galan-galan na mai jere a ƙasa da lambobi a jikinsu, fayiloli har kan kujera. Likita ta kwashe su ta ba su wuri, ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Wani jan layi ne ya taso daga sama yana gangarowa.

"Kitsen jinin Baba ke nan. Kun ga inda ya faro, kun ga inda yake yau. Hawan jinin ma ya sauka. A cikin mutanena duka babu wanda littafinsa ya kai naku cika. Ko rana ɗaya babu giɓi."

Burki ya gyara zama ya ce, "Ai Tela ba ta wasa."

Tela ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Yarinyar ba ta lura ba. Murna ta sa bakinta ya buɗe, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa musu ba. Ta ce mahaifinta ciwon zuciya ne ya ɗauke shi yana da shekara hamsin da biyu, tana aji biyu a sakandare. Kakarta kuwa, wadda ta yi sana'ar cuku duk rayuwarta, kullum sai ta sha ruwan da ya tsiyaye, kuma ta haura tasa'in tana share tsakar gidanta da kanta.

"Na san wannan ba hujja ba ce," in ji ta, tana goge tabaranta da gefen riga. "Malamina kullum yana ce mini kaka ɗaya ba bincike ba ce. Shi ya sa nake son in gani da awo. Shekara uku ina neman a ba ni damar yin aikin nan." Ta mayar da tabaran. "Mama, ina da roƙo. Ranar Asabar za mu tara duk masu shan ruwan cuku da iyalansu. Ina so ki tashi ki gaya musu dabarar da kike yi Baba yake sha kullum."

Tela ta dubi mijinta. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai, "To."

A hanyar gida, da suka shiga layinsu, Tela ta juya gare shi.

"Baban yara, ka ji abin da ka jawo mana?"

"Me na jawo? Ki tashi ki ce a riƙa sa shi ya yi sanyi, a sha da bismilla. Minti biyu kin zauna."

"Yarinyar nan ta ɗauka ruwan ne ya sauko da jan layin nan."

"To wa ya sani? Ƙila yana aiki daga nesa. Ke kina sha, ni ina warkewa. Ai aure ke nan."

Wannan karon ba ta ga abin dariya ba, shi ma da ya faɗa bai yi ba.

Kwana biyu ba ta da sukuni. Ranar Alhamis ta ɗora aljihu a bayan rigar wani malamin makaranta, sai da ta gama ɗinke shi sannan ta gani, ta zauna tana farkewa. Tana farkewa tana tuna fuskar yarinyar a gaban kwamfuta. Da a ce wata babbar ma'aikaciya ce mai ɗaga hanci, da Tela ta yi makinta ta kwana lafiya. Amma wannan sa'ar 'yarta ta biyu ce, kuma duk Litinin sai ta raka ta har bakin ƙofa tana riƙe mata jaka. Ta kuma tuna cewa idan aka gama za a rubuta, wasu su karanta, a gaya wa wata mata a wani wuri ta riƙa ɗura wa mijinta abin nan don ya yi wa wani direba amfani.

Ranar Juma'a da safe, bayan Burki ya fita, ta ɗauki littafin ta tafi asibiti ba ta gaya masa ba. Ta tarar da Likita ita kaɗai tana cin burodi da shayi a kan fayiloli. Yarinyar ta miƙe da sauri tana kakkaɓe hannu.

"Mama! Lafiya? Jikin Baba ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Zauna, 'yata. Ni ce na zo da magana."

Ta ajiye littafin a tsakaninsu, ta dafe shi da tafin hannu.

"Ruwan nan, mako biyu kawai ya sha. Yana ɓata masa ciki a kan hanya. Duk sauran ni na shanye. Makin da ke ciki ni na yi, da hannuna, ina sane."

Firiji biyun suka ci gaba da gurnaninsu. Likita ta dubi littafin, ta dubi Tela. Ta cire tabaranta ta ajiye, ta sake ɗauka. Sai ta ce, "Ina zuwa," ta fita.

Tela ta zauna tana kallon rabin burodin. Ta yi tunanin ta tashi ta tafi, ta fasa. Wajen minti goma yarinyar ta dawo, ta wanke fuska, gefen idonta ja. Ta jawo kujerarta kusa, ta buɗe littafin, ta ɗauki jan biro.

"Nuna mini ranar da ya daina."

Tela ta nuna mata Larabar.

"Man fa? Shi ma..."

"A'a. Mai kam, wallahi duk cokalin da kika gani a nan haka na zuba. Da tafiyar ƙasa, da magani. Wannan ko a gaban alƙali."

"Na yarda." Ta ja layi a shafin. "Mama, me ya sa ba ki gaya mini tun a lokacin ba?"

"Tsoro. Mun ce za ki cire mu, ya daina ganin likitan zuciya."

Yarinyar ta ajiye biron. Ta buɗe durowa ta zaro takardar da Burki ya sa wa hannu, ta buɗa shafi na uku ta ɗora yatsa. "Ga shi nan. Ko ya daina sha, ko ya ce ya fasa binciken gaba ɗaya, ganin likita yana nan har wata shidan su cika."

Tela ta sunkuya ta karanta a hankali, bakinta na motsi. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Innalillahi. Wata huɗu."

"Laifina ne da ban karanta muku da baki ba. Kuma ki duba yadda nake tambayarki. 'Baba yana sha, ko?' Ina murmushi kamar mai jiran kyauta. Wa zai iya ce mini a'a?"

"Kada ki ɗauke mini laifina, 'yata. Ni tela ce. Idan mutum ya aiko mini da awon ƙarya na yanka yadi a kai, na san abin da nake ji. Ki yafe mini."

"Na ji zafi, Mama, ba zan ɓoye miki ba. Baba ne nake nuna wa malamina duk mako. Amma da kin bari na rubuta shi a haka, da abin ya fi wannan muni." Ta ɗauki biron ta juya shi a hannu, sai kuma ta ɗago. "Gobe ina so ki tashi duk da haka. Ki faɗa musu wannan da kika faɗa mini. Idan ke da littafinki ya fi na kowa kyau haka ne, ban san me ke cikin sauran ba. Amma sai in Baba ya yarda, don maganar cikinsa ce."

Baba bai yarda ba. Da ta gaya masa da yamma, ya ajiye cokali ya ture farantin.

"Kin je kin tona mini asiri ba ki ko shawarce ni ba. Shekara talatin, Tela, ban taɓa zuwa wani wuri da maganarki ba ki sani ba."

"Gaskiya ne. Na san in na tambaye ka za ka hana, ni kuma ba zan iya bari ba."

"Yanzu kuma a gaban jama'a za a faɗi yadda na shiga gidan mai da gudu?"

"In ba ka so ba zan faɗa ba. Na gaya mata sai da izininka."

Ya ɗauki rediyonsa ya fita ƙofar gida. Da safe ta kai masa shayi ya karɓa bai dube ta ba. Ta shirya ita kaɗai, da niyyar ta je ta zauna a baya ta yi shiru. Tana kulle ƙofar kicin ta gan shi a tsakar gida da farar rigarsa ta zuwa ofis, yana goge takalmi.

"Ina zuwa?" ta ce.

"Kin taɓa ganin an yi shari'ar mutum ba ya nan?"

A wani ɗakin taro na asibitin aka haɗu, kujerun roba, fanka ɗaya ba ta aiki. Mutane sun kai saba'in, maza da mata, kowa da koren littafinsa a hannu kamar 'yan makaranta. Likita ta yi godiya, ta ce kafin komai akwai mai magana. Ta dubi Tela, Tela ta dubi mijinta. Kafin ta motsa, Burki ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Jama'a, ni direba ne," in ji shi. "Littafin gidana aka ce ya fi na kowa kyau. To ruwan nan rabona da shi kusan wata huɗu. Matata ke shanyewa. Ga ta nan, kun ga yadda take sheƙi."

Sai wani tsoho a baya ya fashe da dariya, kowa ya ɗauka. Burki ya jira suka lafa, sannan ya ba da labarin gidan mai, bai rage komai ba, har da tambayar da yarinyar nan ta cikin mota ta yi masa. Mutane na share hawaye. Da ya gama ya ce, "Tsoron a kore mu ne ya sa muka yi shiru. Ashe ba kora. Yana shafi na uku, wanda na san babu wanda ya karanta a cikinku." Ya zauna. Bai dubi Tela ba, amma gwiwarsa ta jingina da tata, ya bar ta a nan.

Likita ta karanta musu shafin da ƙarfi. Sannan ta ce, "Ba wanda zan yi fushi da shi. Ina roƙonku ne. Wa kuma?"

Sai wata mai sayar da kayan miya ta ɗaga hannu rabi, ta ce nata mijin yana sha, amma sai an zuba masa sukari cokali uku. Wani kafinta ya ce shi a gindin lemon gidansa yake zubawa, kuma lemon bai nuna ya ji daɗi ba. Wata tsohuwar malamar makaranta ta miƙe a fusace ta ce ita fa ba ta taɓa tsallake rana ba, kada a haɗa ta da marasa amana, aka ba ta haƙuri. Wata kuma ta ce nata laifin a mai yake: maƙwabciyarta ta haihu, ta ɗibar mata rabin galan, ta cike nata da na kanti.

Likita na tsaye tana rubutawa, tana tambayar ranaku, tana cewa na gode, na gode. Tela na kallonta. Da aka watse ta je ta same ta tana tattara takardu.

"Nawa suka rage miki?"

"Masu sha yadda aka ce? Ba su kai rabi ba."

"Sannu, 'yata."

"Yauwa, Mama." Ta yi ƙoƙarin murmushi bai zauna ba. "Litinin zan je gaban malamina. Ki sa ni a addu'a."

Malamin ya yi mata faɗa sosai, kamar yadda ta ba su labari daga baya, sannan ya zauna da ita suka gyara tsarin watanni biyun da suka rage. Aka daina ba gidan Burki kwalabe. Mai da ganin likita kuwa suka ci gaba har ƙarshe.

Bayan kusan shekara guda aka aiko wa duk wanda ya shiga binciken takarda shafi ɗaya. Burki ya dawo daga aiki ya tarar da ita a kan tebur, ya ce Tela ta karanta masa don ya bar tabaransa a mota. Takardar ta ce tsakanin man guda biyu an ga ɗan bambanci a kitsen jini, ba mai yawa ba, kuma waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka riƙe magani da awon mai da tafiyar ƙasa, ko wane galan aka ba su. A kan ruwan cuku kuwa ba za a iya cewa yana amfani ko ba ya yi ba, don waɗanda suka sha shi da gaske sun yi kaɗan. Za a sake gwadawa da ƙaramar kwalba, a sha da yamma, kuma za a riƙa tambayar kowa shi kaɗai. A ƙasa Likita ta ƙara layi biyu da hannunta, tana gaishe da Mama da Baba, tana cewa ta gama karatun, an kuma ɗauke ta aiki a sashen.

"To," in ji Burki, "wata shida ana zuƙe mini jini, me aka gano?"

"An gano ba a sani ba tukuna."

"Wannan ai ko ni da an tambaye ni da na faɗa musu kyauta."

Tela ta ninke takardar ta sa a aljihun jakarta. Ta kawo masa shinkafa da wake da gasasshen kifi. Ya ɗanɗana, ya leƙa bayanta wajen kicin.

"Ba ɗan gishiri?"

"Babu."

Ya gyaɗa kai, ya jawo farantin ya ci gaba da ci.